Sunan da Na Goge a Littafin Dakta Istifanus

Kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a wannan ofis kafin in miƙa makullai. To, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na bi Dakta Istifanus zuwa wani ƙauye a gundumar Wurma ta ƙasar Kurfi, na shiga gidan takaba da takardu a jakata. Ku gyara zama, ku kuma ajiye wayoyin nan, don ni ba na magana ana latse-latse.

Na shigo kwalejin nan ta Dutsin-Ma a matsayin mai buga takardu, mataki na huɗu, zamanin keken rubutu, lokacin da in ka yi kuskure a layin ƙarshe sai ka sake shafin tun daga sama. Aka tura ni sashen tarihi, a can na tsufa har na kai babbar sakatariya. A can kuma na tarar da Dakta. Ga waɗanda ba su riske shi ba, dogo ne siriri, Bahaushe ɗan ƙasar Kurfi, kuma Kirista. Baƙi in sun ji sunansa sai su fara yi masa Turanci, shi kuma ya amsa musu da Hausar da ta girmi tasu. Tarihi yake koyarwa, amma a gefe yana rubuta ƙagaggun labarai, har an taɓa karanta na farkonsu a rediyo kashi-kashi. Ranar Lahadi yana coci. In azumi ya kama kuwa, ba za ka taɓa ganin ya kai ko ruwa bakinsa a gabanmu ba. Yana kirana Hajiya Sakatare tun kafin in san hanyar Makka, ni kuma ina ce masa Baba Dakta. Faɗanmu ɗaya ne kullum, rubutun hannunsa. Na sha gaya masa cewa da an ba kaza biro da ta fi shi tausayina.

Bari in yi muku bayanin yadda yake aiki, don a nan labarin yake. Zai ɗauki rikoda ya shiga ƙauyuka, Kuki, Shema, Wurma, ya zauna da tsofaffi su ba shi labarin kafuwar gari, rijiyoyi, kasuwanni, shekarun yunwa. Ya kawo kaset, ni in saurara in rubuta kalma da kalma. Daga nan ya tsara babi, in buga. Sai mataki na ƙarshe, wanda shi yake kira mayar da magana gida. Kafin a kai wa maɗaba'a ko shafi ɗaya, sai ya koma wurin wanda ya ba da labarin ya karanta masa abin da aka rubuta. In mai magana ya ce cire, an cire. In ya ce ban yarda a sa sunana ba, ba a sawa. Wannan mataki ya sha ba ni haushi, don shi ke sa in buga babi ɗaya har ya fita raina. Na taɓa ce masa, “Baba Dakta, wasu malaman ba sa wannan wahala.” Ya ce, “Hajiya Sakatare, aron maganar na yi. Mai aro kuwa yana komawa wurin mai kaya.”

Littafin da muke kai a lokacin na tarihin ƙauyukan Kurfi ne, shi ne kuma na ƙarshensa. Ya riga ya yi ritaya, kwantiragi yake yi, idanunsa sun dushe, zuciyarsa ma likita ya ce ta gaji. 'Yarsa da ke Jos ta kafe cewa ƙarshen watan za ta zo ta tafi da shi gaba ɗaya. Duk babobin sun koma gida sun dawo, saura guda, wanda ya shafi ƙauyensu.

A wannan babi akwai shafin da na buga ina share hawaye, ni da ba ni da saurin kuka. Mahaifin Dakta manomi ne. Ya tafi asibitin mishan neman maganin ido, ya dawo da sabon addini. Ba a kore shi daga gari ba, ba a kuma dake shi ba, amma an janye jiki. Aka daina kiransa gayya, wato noman taron dangi da ake yi wa juna, shi ma in ya kira ba mai zuwa. Wata damina kurkunu ya kwantar da shi, ciwon nan da ke fitowa a ƙafa daga shan ruwan tafki. Gona ta cika da ciyawa, rumbu ya ƙare, Dakta yana yaro da ƙannensa suna kwana da tafasa. Sai wata safiya mahaifiyarsu ta fito ta tarar da damin gero jingine a bayan dangarsu. Bayan kwanaki aka sake ajiye wani. Haka aka yi ta yi har sabon gero ya nuna, ba wanda ya taɓa ganin mai ajiyewa. Mahaifiyar ce ta gane shi daga ɗaurin damin, don kowane manomi da irin ƙullinsa. Wani saurayin magidanci ne a can ɗaya gefen gari, Musulmi, ɗan gidan malamai, bai daɗe da aure ba. Zan kira shi Mai Gero.

Da Dakta ya girma ya je ya yi masa godiya, sai mutumin ya ce, “Ban san zancen ba,” ya shiga tambayarsa farashin taki a birni. Duk zuwan da ya yi haka ake rabuwa. Mai Gero ya ba shi labarin rijiyoyin garin da zuwan hanyar mota, kaset guda cike, amma da an taɓo gero sai ya rufe baki. Dakta ya rasa yadda zai yi, sai ya saka shi a ƙagaggen littafinsa na farko da wani suna, mutumin da ke ɗora gero a kan jaki ya kai wa maƙwabta kafin gari ya waye. Amma wannan bai ishe shi ba. Ya ce mini, “Ƙagaggen labari kowa cewa zai yi ƙirƙira na yi. Ina so a littafin tarihi a ga sunansa na gaskiya, a san an yi mutumin nan.” Zuwansa na ƙarshe ya matsa, tsohon ya ce, “Istifanus, ka ishe ni. In na mutu ka tambayi mai ɗakina. Abin da ta ce, shi ke nan.”

To, Allah ya karɓi ran Mai Gero farkon daminar nan. Dakta ya je ta'aziyya, amma ba a tayar da irin wannan zance a zaman makoki. Matar kuma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba zama da mazan da ba muharramanta ba. Kafin ta fita, Dakta zai bar jihar Katsina, kuma mu duka mun san da wuya ya dawo. Sunan yana nan a babin, na buga shi, amma bisa ƙa'idarsa ba zai tafi maɗaba'a ba sai ta ji ta amince.

Dakta ya shigo ofishina ya tsaya yana juya hularsa a hannu kamar ɗalibin da ya makara. Ya ce, “Hajiya Sakatare, ke mace ce, za ki iya shiga inda ba zan iya ba.” Na ce, “Sai yau ka lura?” Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

Na je wurin shugaban sashe neman izinin fita da motar kwaleji. Ya ce, “Hajiya, wannan fa ba ya cikin aikin sakatariya, ga hanya ba tabbas.” Na ce, “Ranka ya daɗe, babin nan bai gama buguwa ba sai an karanta wa mai shi. Aikina ne bai ƙare ba.” Ya dube ni, ya san ba zan fita ba, ya sa hannu, da sharaɗin mu dawo kafin la'asar. Maigidana ma sharaɗin da ya kafa mini ke nan.

Mun tashi da hantsi. An yi ruwa, gero ya kai ƙugu a bakin hanya. Da muka bar kwalta, Dakta ya juyo ya ce, “Ki karanta mata yadda yake. Kada ki roƙe ta.” Na ce to, amma a raina na riga na shirya roƙon.

Babban ɗan marigayin ya tarbe mu a zaure, ya shimfiɗa wa Dakta tabarma. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, Dakta ya ɗaga hannu tare da kowa. Da ya faɗi abin da ya kawo mu, ɗan ya ce, “Dakta, kun san Iya ba ta ganin maza yanzu.” Ya ce, “Na sani. Shi ya sa na zo da Hajiya.”

Na tarar da Iya zaune a ƙofar ɗakinta kan tsohuwar tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa, zane ɗaya ya koɗe, ba kwalli, ba ɗan kunne, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwar rashi. Ta sa aka dama mini fura, ta ce sai na sha kafin in buɗe jaka. Sannan ta ce, “To ɗiyata, karanta mani abin da Istifanus ya rubuta. Amma sannu-sannu, kunnen ya tsufa.”

Na fara. Rijiyoyi ta yi ta gyaɗa kai, wurin hanyar mota har ta yi murmushi. Da na iso shafin gero na karanta sunan mijinta, sai na ga ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na sake cin karo da sunan, ta sake sunkuyawa. Nan na tuna irin matan da ta fito cikinsu, waɗanda har su mutu ba sa kiran sunan miji, ba sa ma son a kira shi gatsau a gabansu. Daga nan duk inda sunan ya zo sai in ce Malam. Na kai ƙarshe, na ajiye takardar. Ta ja carbinta zagaye guda.

Can ta ce, “Abin da ya rubuta gaskiya ne. Amma a hidda sunan.”

Na manta da gargaɗin Dakta tsaf. Na ce, “Iya, don Allah ki duba. Alheri ne fa, ba abin kunya ba. Jikokinsa za su gani su yi alfahari.”

Ta ce, “Ɗiyata, mutumen ga ya ɓoye abin nan tun ina amarya. Don Allah ya yi, yana son ya iske kayanshi cikakku can inda ya tahi. Yau da yake kwance yana bukatarsu, ni ce zan buɗe mashi rumbu? Kuma ni da ban taɓa kiran sunan nan ba tsawon zamanmu, sai in ce a buga shi a takarda yaran makaranta su riƙa kira?”

Duk da haka ban haƙura ba. Na ce, “Iya, Dakta ba shi da lafiya. Tafiya zai yi, ƙila ba zai dawo ba. Abin da ke cin ransa shi ne Malam ya rasu bai taɓa karɓar godiyarsa ba, ko sau ɗaya.”

Sai ta yi abin da ban zata ba. Ta yi dariya, 'yar ƙarama, ta rufe baki da gefen mayafi saboda takaba. Ta ce, “Halan haka yake zato? Ai godiyar ta iso tuntuni. Lokacin da ake karanta littahinshi a rediyo, Malam ba ya bari ya wuce shi. Ko yana gona sai ya dawo. Ranar da aka zo wurin mai jakin nan, yana zaune nan inda kike, ya kasa kunne har aka gama, ina ganin yana share ido da hannun riga. Sai ya ce mani, yaron ga ya iya magana, amma bai san jaki ba. Wa zai tahi aikin ɓoye da jaki, ya yi kuka ya tada gari? Bisa kai na ɗauka. Ya ce kada in gaya mashi, kada kanshi ya kumbura.”

Na fito zaure. Dakta ya ɗago, ya karanta fuskata kafin in yi magana. Na ce, “Ta ce a cire sunan.” Ya rufe ido. Na yi shekaru ina aiki da mutumin nan, ban taɓa ganin ya tsufa a gabana ba sai a wannan lokaci. Ya ce a hankali, “Maganarta ce. A cire.” Ko dalili bai tambaya ba.

Sai na ba shi labarin rediyo, yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Da na kai wurin jaki, ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ba dariyar ba ce. Yana ta maimaitawa, “Ya ji. Ashe ya ji.” Ɗan marigayin ma, wanda bai taɓa sanin zancen ba, ya juya fuska bango.

Can Dakta ya tsaya cak, irin tsayawar da na sani in yana sauraron kaset ya ji abin da bai daidaita ba. Ya ce, “Hajiya Sakatare, bisa kai ta ce?” Na ce e. Ya ce, “Damin gero ba ya hawa kan mutum shi kaɗai. Sai an aza masa. Wa ya aza masa?”

Wallahi ni ko kusa tunanina bai kai nan ba. Ya juya ga ɗan ya ce, “Ba zan shiga ba, ba zan kuma gan ta ba. Ka ba ni izini in tsaya bayan zana in yi mata tambaya ɗaya.” Ɗan ya shiga, ya fito, ya ce ta yarda.

Akwai zana da ta raba zaure da tsakar gida. Ni na koma ciki na kamo hannun Iya na kawo ta gefe ɗaya, shi yana ɗaya gefen. Suka gaisa, ya yi mata haƙuri. Sannan ya ce, “Iya, wa ke aza masa damin?”

Sai ta ce, “Kai dai Istifanus ba ka barin zance ya kwana. Wa zai aza mashi in ba ni ba?”

Na ji motsi a bayan zanar. Ta ƙasan zana na hangi gwiwoyinsa a ƙasa, dattijon da sai da sanda yake hawa matakalar ofis. Ya ce, “Iya, ni ne yaron da ya ci geron nan, ni da ƙannena. Tun ina yaro nake ɗauke da godiyar nan, an hana ni saukewa. Na gode. Na gode. Allah ya saka muku.”

Ita ba ta ce ba ta san zancen ba. Ta ce, “Na karɓa, nawa da nashi. Tashi hakanan, ƙasa da sanyi. Kun ci, kun rayu, ka yi karatu, ka riƙe zumunci. Allah ya kai ladan kabarinshi.” Ya ce amin, ni ma na ce amin.

Kafin ya tashi, sai halin ya motsa. Ya ce, “To Iya, in rubuta wani maƙwabci da mai ɗakinsa?” Ta ce, “Wannan kam rubuta. Masu ɗaki suna da yawa.”

Mun iso Dutsin-Ma ana kiran la'asar. Washegari na buɗe babin a kwamfuta, yana zaune gefena da gilashinsa mai kauri. Na bi layi-layi, duk inda sunan yake na goge, na sa wani maƙwabci. Na cire jaki, wanda a wannan babin ma Dakta ya saka shi, na sa bisa kai, na ƙara da mai ɗakinsa. Wannan ne karo ɗaya tak da na sake buga masa babi ban yi mita ba, har ya tambaye ni ko lafiya. Ƙarshen watan 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Littafin ya fito yana raye, an karanta masa, ya aiko mini da kwafe da rubutun hannunsa a shafin farko, wanda har yau rabinsa kawai na iya karantawa. Bai daɗe ba bayan nan aka yi mana waya cewa ya rasu. Na yi kuka a wannan kujera da kuke gani, ban kuma ji kunyar kowa ba, don ina ƙaunar mutumin nan kamar uba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Duk takardar da ta biyo ta teburinku, maganar wani ce, kuma mai ita yana da hakki a kanta ko bai iya karatu ba, ko yana bayan zana. Na ga mutumin da ya yi rayuwarsa yana burin ganin suna ɗaya a littafi, wata tsohuwa ta ce a'a, ya ce a cire, bai ko nemi dalili ba. Da ya tsallake wannan mataki ya buga abinsa, da ya samu sunan, amma da ya mutu bai san godiyarsa ta isa ba, bai kuma san akwai wadda ta rage da zai durƙusa wa ba.

Na ga bakin wasunku yana motsi, na san tambayar. Kada ku wahalar da kanku. Ni na buga sunan da hannuna, ni na goge shi, kuma Iya ta ce a bar wa mutumin kayansa cikakku.